Sunan mota da mutuncin dillali: abin dubawa kafin ka ƙirga kuɗi

Ka furta sau ɗaya a majalisa cewa kana neman mota, kafin shayi ya huce za ka tara shawara goma. Wannan ya ce Corolla, wancan ya ce ai Vibe ta fi ta tashi daga ƙasa, wani tsohon direba daga gefe ya ce duk ku bar zancen, Golf 3 ce motar talaka. Amma ka kasa kunne ga hujjojinsu. Da wuya ka ji an ambaci laushin kujera ko kyan fenti. Magana uku ce ke ta dawowa: akwai kayanta, kowane bakanike ya san ta, kuma ba ta faɗuwa ranar da ka tashi sayarwa.

A ƙasashen da ake ƙera motocin nan, mai saye abu biyu yake aunawa, sunan kamfani da irin kulawar da wakilin kamfanin zai ba shi bayan an gama ciniki. Ya sayi sabuwa, a ba shi garanti na shekara uku ko fiye, a tuna masa idan lokacin juyen mai ya yi, idan kuma an gano wani lahani a aiko masa da takarda ya kawo a gyara kyauta. Mu a Malam Madori ba mu da wannan gata. Mafi yawanmu motar hannu muke saye, wadda wani ya mora a Amurka ko Jamus, wani kuma ya ƙara mora a Kano kafin ta iso gare mu. Duk da haka abubuwan nan biyu suna nan, kama kawai suka sauya. Sunan kamfani ya koma hannun bakanike da mai shagon kayan gyara. Kulawar bayan ciniki kuwa ta rataya a wuyan mutum ɗaya, dillalin da ya karɓi kuɗinka.

Wataƙila ka ce mene ne haɗin ma'aikaciyar jinya da zancen mota. A fannin kula da masu juna biyu ana koya mana jinkiri uku da ke kashe mata, kamar yadda wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka tsara a 1994: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na tsakiyar nan, a ƙasarmu, zancen mota ne da hanya. Zubar jini bayan haihuwa na iya ɗauke mace cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba. Daga ƙauye a zo Malam Madori, daga nan a tura Babban Asibitin Haɗeja, wani lokaci a wuce Jahun inda likitocin MSF ke karɓar haihuwa mai wahala tun 2008, ko Dutse, ko Asibitin Malam Aminu Kano da ke nesa da mu kusan kilomita 200. Ganin haka ne ma gwamnatin Jigawa ta kawo shirin Haihuwa Lafiya don jigilar mata masu naƙuda. Kai kuma da ka sayi mota, ko ka so ko ba ka so, ka zama motar asibitin unguwarku. Ƙofarka za a buga da ƙarfe biyun dare. Don haka motar da ke kwana uku a gareji tana jiran wani ƙarfe daga Legas ba kai kaɗai ta cuta ba.

Yadda mota ke yin suna

Iyayenmu sun ga zamanin da suna da kulawa ke tafiya tare. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, shekarar da Volkswagen ma ya fara a Legas, daidai lokacin da kuɗin Udoji ke aljihun ma'aikata. Ma'aikaci ya karɓi bashin mota, ya je wurin wakili irin su SCOA, ya fito da 504 a leda tare da littafin sabis. Bayan 1986, da Naira ta karye a ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, sai aka koma Kwatano. Hulɗa da wakilai ta yanke ga yawancin mutane, amma Fijo ba ta mutu ba. Ta ci gaba da yawo shekara da shekaru saboda kowane gari yana da wanda zai kwance injinta ya mayar a yini ɗaya, kuma kayanta na rataye a kowane shago. Har gobe za ka haɗu da J5 ta yi dam da kaya ta nufi kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Vibe. Sunan da ke gabanta Pontiac ne, kuma kamfanin General Motors ya rufe wannan suna tun 2010. A ƙa'ida, wa zai zuba kuɗinsa a motar da masu ita suka daina yi? Amma duba yadda ta cika titunan Kano da Haɗeja. Sirrin shi ne an ƙera ta a wata masana'anta da ke Fremont a jihar Kalifoniya, wadda General Motors da Toyota suka yi tarayya a kanta, kuma injinta mai lita 1.8 ɗaya ne da na Corolla da Matrix na zamaninta. Bakanike ya buɗe bonet ya ga abin da ya sani. Mai kaya a Ƙofar Ruwa ya miƙo na Corolla ya zauna daram. Sai dai ka sani, wannan zumunci a inji da giya yake. Fitila, bamba da ƙofa nata ne ita kaɗai, idan aka goge ka a kasuwa za ka ɗan sha nema.

Akasin haka ma muna gani. Akwai motocin Turai masu tsada da sunansu ya kai ko'ina a duniya, kuma sun cancanci sunan a inda aka yi su. Amma ranar da ɗaya ta ɗauke wuta a Gujungu saboda wata 'yar na'ura ta ƙi magana da ƙwaƙwalwar motar, sunan ba zai tura ta ba. Sai an nemo motar ja zuwa Kano, kuɗin jan kaɗai ya isa juyen mai sau da yawa. Ba ina hana ka sayen abin da ranka ke so ba ne. In kana da mota ta biyu a gida, bismilla. In ita ce ta fari kuma ita kaɗai, je ka garejin da ke kusa da gidanka tukuna, ka tambayi mai garejin motoci nawa irinta ya gyara a bana, kuma ina yake samo kayanta.

Ƙasarmu ma tana da nata hukunci. Da rani rairayi, da damina taɓo, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana gwada lagireto. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da ruwa ya yanke hanyoyi a Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma, ya san amfanin motar da cikinta ya ɗaga daga ƙasa. Sannan tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Manyan motoci masu silinda shida da a da ake alfahari da su, yanzu da yawa suna fake a ƙofar gida an rufe su da tamfol.

Inda suna ke yaudara

Suna yana gaya maka yadda aka ƙera irin motar. Ba ya gaya maka abin da ya sami wannan da ke gabanka. A watan Oktoba na 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. A cikinsu akwai lafiyayyu, akwai kuma waɗanda kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu bayan haɗari ko bayan ruwa ya shanye su, irin na guguwar Harvey da ta afka wa Texas a 2017. A gyara jiki, a fesa fenti, a mayar da mita baya, ta fito tana ƙyalli da tambarin da kowa ya yarda da shi. Motocin da ruwan 2022 ya ci a nan gida ma ba ƙasa ce ta haɗiye su ba.

Mu da muka tashi a bakin fadama bai kamata a sayar mana da motar da ta sha ruwa ba. Shiga ciki ka rufe gilashi ka shaƙa, warin danshi ba ya ɓuya, kuma turaren da ya yi yawa shi ma abin tambaya ne. Ɗaga darduma. Leƙa ƙarƙashin kujera ka duba ƙarafan da take gudu a kai ko sun yi tsatsa. Jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai layin da ruwa ya bari. Ciro safaya ka shafa ramin, in ka ji laka ko yashi mai laushi, ka yi sallama. Irin wannan mota tana iya yin wata shida lafiya, sannan wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma wani abu da ya fi damuna a matsayina na mai ɗinke rauni, wato jakar iskar nan da ke fitowa daga sitiyari ko gaban fasinja idan an yi karo. Wani kamfanin Japan mai suna Takata ya yi wa kamfanonin mota da yawa irin wannan jaka, daga baya aka gano sinadarin da ke hura ta yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da danshi. Maimakon ta kumbura ta tare ka, sai gwangwanin ƙarfen ya tarwatse ya watso gutsattsari a fuska da wuya. Mutane sun mutu. A Amurka kaɗai an yi kiran a dawo da jakunkuna kimanin miliyan 67, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Cikin motocin da abin ya shafa akwai Corolla ta 2003 zuwa 2008, Vibe ta 2003 zuwa 2007, da Honda Accord ta 2001 zuwa 2007, wato dai motocin da muke yabo a majalisa. Mai motar a can an aika masa takarda ya kai an sauya kyauta. Idan ta baro ƙasar kafin a sauya, babu takardar da za ta biyo ta Malam Madori, zafi da danshi kuwa muna da su har da na kyauta.

Abin da za ka iya yi ba shi da wuya. Kowace mota tana da lambar chasis mai harafi da lamba 17, ana ganinta ta gilashin gaba ɓangaren direba. Idan daga Amurka motar ta fito, shigar da lambar a shafin intanet na hukumar NHTSA, kyauta ne, zai nuna maka ko akwai gyaran da aka kira ba a yi ba. Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kalli allon gaba. Fitilar jakar iska ya kamata ta kama, ta ɗauke bayan 'yan daƙiƙu. In ta zauna a kunne akwai matsala. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don kada ta tona asirin cewa jakar ta riga ta fashe an liƙe murfin.

Dillali

Yanzu ga mutumin da komai ya rataya a kansa. Yawancinmu Kano muke zuwa, ko mu saya a hannun masu ajiye motoci a Haɗeja, ko ta hanyar wani da ya san wani. A cikin dillalai akwai mutanen kirki da suka shekara ashirin a wuri ɗaya, waɗanda uba ya saya a hannunsu ɗa ma ya zo ya saya. Akwai kuma wanda jarinsa waya ce da hotuna, motar ba tasa ba, filin ba nasa ba, la'adarsa kawai yake hange. Dukkansu za su tare ka da fara'a, su kawo ruwa mai sanyi, su kira ka Alhaji ko da ba ka taɓa zuwa ko filin jirgi ba. Wannan tarba ba ita ce kulawa ba. Kulawa tana bayyana ne bayan sati biyu, ranar da giya ta fara fizga ka buga waya.

Ta yaya za ka san wannan tun kafin ka biya? Hanya mafi sauƙi ita ce ta iyayenmu wajen neman aure, bincike. Nemi mutum biyu ko uku da suka saya a wurinsa shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, kuma kada ka tsaya kan wanda shi ya haɗa ka da su. Tambayarka ɗaya ce: da matsala ta fito, me ya yi? Wani za a ce maka ya aiko da bakanikensa, wani ya raba kuɗin gyara biyu, wani ya karɓi motar ya ba da wata. Wani kuma za a ce tun ranar lambarsa ba ta sake shiga ba. A tashar motar Malam Madori da ta Haɗeja direbobin Sharon da Golf sun san waɗannan labarai fiye da kowa, domin su ne masu saye da sayarwa a kai a kai.

Sannan ka lura da yadda yake karɓar buƙatunka. Ka ce za ka zo da bakanikenka. Ka ce kana so a jona na'urar kwamfuta a karanta lafiyar motar. Ka ce da sassafe za ka dawo a tayar da ita a gabanka injin yana sanyi, domin hayaƙi da ƙara da yawa suna ɓuya idan inji ya ɗumama. Ka ce za ku hau babban titi ta yi gudu sosai, ba zagayen fili ba. Mai gaskiya zai ce bismilla. Wanda ya fara cewa ai wani Alhaji na hanya da kuɗi a hannu, in ba ka biya yau ba ta tafi, to bar wa Alhajin. Wata 'yar gaskiya mai ɗaci kuma: bakaniken da ka ɗauko ma mutum ne, akan ja shi gefe a yi masa alkawarin ihsani idan ciniki ya faɗa. Ka biya shi ladan dubawa mai kyau tun daga gida, ka kuma gaya masa a fili cewa shi zai riƙa gyaran motar nan. Wanda ya san a garejinsa za ta kwana ba zai yabi gurguwa ba.

Ke 'yar'uwa, malamar makaranta ko abokiyar aikina da kika tara kuɗin adashi ko kika ci bashin ƙungiya, ki ƙara da wannan. Sau da yawa mace ce mai kuɗin amma maigida ko yaya ake turawa, dillali bai ma san da ke ba. Ba laifi a wakilce ki, amma takardar ciniki da ta mallaka su fito da sunanki, lambar wayarki ce za ta zauna a kai, kuma ki zauna a kujerar direba kafin a biya ki ji ko ƙafarki na kaiwa yadda ya kamata. Mun sha ganin yadda mota ke shiga cikin kayan gado ko rigimar rabuwa saboda sunan da ke takarda ba na mai ita ba ne.

Takardu kuwa su ne inda dillali ke nuna ko shi wane ne. Tun 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk motar da aka ce maka 'yar Kwatano ce sabuwar shigowa, ka tambayi ta inda ta biyo da takardar biyan kwastan. Motar da ba a biya mata ba ana iya ƙwace ta a hanya ko bayan shekaru, kuma a hannunka za a ƙwace. Ofishin kwastan na shiyyar Kano da Jigawa yana Kano, a je a tantance kafin kuɗi su fita. Ka gwada lambar chasis da ke jikin mota da wadda ke kan kowace takarda, harafi bayan harafi. In motar ta taɓa yin rajista a Najeriya, nemi ganin mai ita na ƙarshe ko takardar da ya sa hannu ya sayar, don kada wata rana a zo har gida a ce ta sata ce.

Masu hali da ke duban sabuwa, ko Peugeot da kamfanin Dangote ya koma harhaɗawa a Kaduna tun 2022, ko Innoson ta Nnewi, ko motocin Sin da ke shigowa, garanti abu ne mai kyau, amma ku karanta sharaɗinsa. Galibi sai a garejin da kamfani ya amince da shi za a riƙa yin sabis, in ba haka ba garantin ya faɗi. Ku tambayi inda garejin mafi kusa yake, ku lissafa man zuwa da dawowa da yinin aikin da za a rasa kowane juyen mai.

Ga mai sayen ta hannu, garantinsa shi ne abin da aka rubuta. Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani cewa wanda aka ɓoye masa aibi a ciniki yana da damar mayar da kaya, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da ta kafa hukumar FCCPC ita ma ta hana yaudarar mai saye. Amma a gaban alƙali ko shugaban 'yan kasuwa, abin da za a fara tambayarka shi ne shaida. Don haka kada kunya ta hana ka. A rubuta sunan mai sayarwa da adireshin wurinsa, lambar chasis da ta inji, kuɗin da aka biya, duk aibin da ya faɗa da bakinsa, da kwanakin da ya yarda zai ɗauki nauyin inji da giya, ko sati biyu ne ko wata guda. Shaidu biyu su sa hannu, ɗaya naka ɗaya nasa. Kuɗin kuma a tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardar, ba na yaron shago ba.